Kalar fim a kan bidiyo: abin da ake kwaikwaya da abin da ake ɓatawa

Wata rana da la'asar ina zaune a wani ɗakin tace fina-finai a titin Gidan Zoo, cikin Kano, wani darakta ya shigo da wayarsa a hannu. Ya miƙa wa edita, yana nuna masa wani guntun bidiyo da ya gani a Instagram. "Malam, irin wannan kalar nake so. Ka sa mini ya fito kamar fim na gaske." Edita bai yi musu ba. Ya buɗe wata jaka a kwamfutarsa cike da abin da suke kira LUT, wato shiryayyun kaloli da ake ɗora wa hoto, sun fi ɗari biyu, yawancinsu abokai ne suka turo masa ta WhatsApp. Ya ɗora guda a kan hoton amarya tana fitowa daga mota da rana tsaka. Nan take sararin sama ya koma shuɗi mai ratsin kore, bangon gidan ya yi ruwan goro, farar shaddar ango ta yi rawaya kamar an wanke ta da ruwan kududdufi. Fuskar amarya kuwa ta nutse, idanu da haƙora kawai ake gani. Darakta ya ɗan yi shiru, ya ce, "Kalar ta yi, amma ina amaryar?"

Kafin a gane inda amaryar ta shiga, dole a fara warware wani ruɗani da ke cikin harshenmu. Kalmar fim a wurinmu tana nufin labarin da ake kallo. A asali kuwa sunan wani abu ne da ake riƙewa a hannu: doguwar roba mai huda-huda a gefe, a naɗe cikin gwangwani, wadda ake sakawa cikin kyamara, haske ya taɓa ta, a kai ta wanki. Duk wanda ya riski masu hoto na da, waɗanda za su ce maka ka dawo jibi sai an wanke, ya san ta. Zan riƙa kiranta zare don kada mu rikice. Abin da darakta yake nema shi ne hoton kyamarar dijital ya yi kama da wanda aka ɗauka a kan zare.

Abin da ya sa zancen ya zama mai ban sha'awa a nan shi ne, masana'antarmu ba ta taɓa rayuwa a kan zare ba. Da bidiyo aka haife ta, a kan kaset, a farkon shekarun 1990, bayan faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sayen zare da wankinsa a waje ya gagari kowa. An yi 'yan fina-finan Hausa a kan zare kafin nan. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, yana cikinsu. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano zarensa a ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Amma yawancin abin da idon Bahaushe ya gani a kan zare na wasu ne: fina-finan Indiya da na Amurka da na Cana a gidajen silima irin su Plaza da El Dorado da Marhaba, da majigin da gwamnati take zagayawa da shi ƙauyuka. Yaron da yake tace fim yau bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Kwaikwayon kwaikwayo yake yi, domin guntun da ya burge shi a Instagram shi ma da dijital aka ɗauke shi, wani ne ya yi masa kwalliya.

To mene ne zare yake yi wa haske wanda kyamarar dijital ba ta yi?

A jikin zare mai kala akwai shimfiɗu sirara ɗaya bisa ɗaya, cike da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Ta sama tana jin shuɗin haske, ta tsakiya kore, ta ƙasa ja. Ƙwayar da haske ya taɓa ita ce take canzawa a wurin wanki, kuma a gefenta rini yake samuwa. Daga baya a wanke azurfar ta fita, rinin ya zauna. Ƙwayoyin ba girmansu ɗaya ba. Manya suna saurin kama haske, ƙanana sai haske ya yi ƙarfi sosai. Saboda haka idan rana ta yi yawa, zare ba ya cika lokaci guda. Manya sun gama, matsakaita sun gama, amma har yanzu akwai 'yan ƙanana da suka rage suna karɓa kaɗan-kaɗan. Hasken yana hawa ne yana rage gudu, kamar mota da ta tunkari tudu.

Idon kyamarar dijital kuwa kamar jerin mudu ne, miliyoyi. Kowane mudu yana ƙirga hasken da ya zubo masa daidai wa daida, har ya cika. Da ya cika, magana ta ƙare. Duk abin da ya ƙaru zubewa yake yi, kuma wurin ya zama fari fat, ba zane ba inuwa. Wannan ne ya sa a tsofaffin fina-finanmu za ka ga babbar riga da rana ta koma kamar an yanke takarda an manna, aikin wuyan da aka biya kuɗi aka yi ya ɓace, goshin ɗan wasa yana da wani farin tabo mai kaifin baki. A ganina, cikin duk abin da ake kira kalar fim, wannan lallausar hawa zuwa fari ita ce mafi daraja, kuma ita ce ta fi amfanar mai ɗaukar hoto a ƙasar da rana take dukan ƙasa kamar tamu. Sai dai ba a iya ƙirƙiro ta a kwamfuta idan tun a lokeshan mudun ya riga ya cika. Abin da ya ƙone ya ƙone.

Don haka ne kamfanonin kyamara suka fito da tsarin ɗauka da ake kira log. ARRI tana da LogC, Sony tana da S-Log3, Canon da Panasonic kowa da nasa, har Apple ta saka nata a iPhone 15 Pro a 2023. Hoton log idan ka kalle shi ɗanye fari-fari ne, ba armashi, kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu. Da gangan ne. An matse haske da duhu an cusa su a tsakiya don kada wani ya zube, a bar wa mai gyaran kala ya buɗe su yadda yake so. Dabarar ma daga wurin masu zare ta fito: a farkon shekarun 1990 Kodak ta ƙera tsarin Cineon don kwashe hoton zare zuwa kwamfuta ba tare da asara ba, kuma lissafinsa ne kakan duk waɗannan.

Abu na biyu shi ne yadda launi yake zama, kuma a nan wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya fi injiniya saurin ganewa. Idan marini ya tsoma farin ƙyalle a baba sau ɗaya, shuɗi ne mai haske. Ya sake tsomawa, launin ya ƙaru, ƙyallen kuma ya ƙara duhu. Ya yi ta yi har ya kai baƙin da yake sheƙi. A rini, ƙarin launi da ƙarin duhu tare suke tafiya, ba a raba su. Zare rini ne. Fitilar majigi tana haskowa ta bayansa, rinin yana tare wani ɓangare na hasken. Ja mai ƙarfi a kan zare dole ya zama ja mai nauyi, irin na jinin kare ko na zoɓo da aka jiƙa da yawa. Allon waya da na talabijin kuwa fitilu ne ƙanana, ja da kore da shuɗi, suna harbo haske kai tsaye. Idan ka ƙara musu launi suna iya ƙara haske a lokaci guda, sai ja ya riƙa ƙyalli kamar fitilar bayan mota, koren ganye ya zama na leda. Wannan ƙyallin ne ido yake ganewa ya ce "wannan bidiyo ne", ko mai idon bai san dalili ba. Ƙwararren mai gyaran kala, idan zai ƙara launin atamfa, sai ya rage mata haske daidai gwargwado. Da wannan kaɗai hoto yake yin nauyi.

Sannan zare ba guda ɗaya ba ne, biyu ne, kuma nan ne editan namu ya yi tuntuɓe. Wanda ake sakawa a kyamara shi ne nagatif, mai juyayyen hoto da launin ruwan goro a jikinsa. Aikinsa ya tattara duk abin da zai iya, saboda haka ba shi da kaifi. Daga shi ake buga na biyu, wanda ake haskawa a silima, shi kuma mai tsananin bambanci ne tsakanin fari da baƙi. Mafi shahara a irin na biyun shi ne Kodak 2383, sai na Fujifilm mai lamba 3513. Yawancin abin da mutane suke tunawa a matsayin kalar silima, inuwa mai ɗan shuɗi-kore da haske mai ɗumi da baƙi mai zurfi, halin wannan zare na biyu ne. Masu wanki na wancan zamani ba su da wani makami sai fitilu uku na injin bugawa, ja da kore da shuɗi, kowace da ma'auni daga 1 zuwa 50, ana farawa daga wajen 25. Su ƙara maki biyu a nan, su rage ɗaya a can, kuma gyaran ya shafi hoton gaba ɗaya. Ba su iya taɓa fuska su bar bango.

LUT ba komai ba ne illa jadawalin lissafi: idan wannan launi ya shigo, wancan ya fita. Ba ya gani, ba ya sanin fuska ce ko taya. Waɗanda suke zuwa cikin manhajar gyaran kala ta DaVinci Resolve da sunan Kodak 2383 an auna su ne daga zaren gaske, kuma suna jiran a ba su hoto mai laushi irin na Cineon, wato abin da ya yi kama da nagatif. Editanmu ya ɗora irin wannan a kan hoton da kyamara ta riga ta ƙara wa kaifi, na tsarin talabijin da ake kira Rec.709. Kaifi ya hau kan kaifi. An zuba gishiri a miyar da aka riga aka sa wa gishiri, kuma wurin da ya fara ɗaci shi ne inda haske ya fi ƙaranci a hoton, wato fuskar baƙar mace da ke tsaye kusa da farar shadda.

A nan nake so in daɗe, domin nan ne maganar ta shafe mu. Zaren da ake yi wa kirari ba a gina shi da fatarmu a zuciya ba. A shekarun 1950 Kodak ta riƙa raba wa ɗakunan wankin hoto wani kati da ake daidaita injuna da shi, mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley. Idan fuskarta ta fito daidai, an ce inji ya daidaita. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin wannan tarihi, ta nuna cewa matsin da ya sa kamfanin ya gyara yadda zarensa yake kama launuka masu duhu ya fito ne daga masu sayar da cakulan da masu kujerun katako, waɗanda suka yi ƙorafin cewa kayansu ba sa fitowa a hoton talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Wanda yake da tsohon hoton makaranta, inda bature ko wani farin malami ya fito tas sauran yara kuwa sai fararen riguna, ya riga ya ga sakamakon.

Adalci dai a faɗa: zaren Kodak na yanzu, jerin Vision3 da aka fara fitarwa a 2007, yana kama baƙar fata da kyau idan an haska ta yadda ya kamata. Matsalar ba a zaren yau take ba. Tana wurin LUT ɗin da wani saurayi a Turai ko Amurka ya haɗa, ya gwada a fuskar budurwarsa cikin hasken ƙasarsu mai taushi, ya sa a kasuwa. A hotonsa fuska tana zaune a sama da tsakiyar ma'aunin haske, inda launi yake ɗumi. Fuskar Bahaushiya tana zaune a ƙasa da tsakiya, daidai inda LUT ɗin yake danne haske yana zuba shuɗi-kore. Shi ya sa 'yan wasanmu suke fitowa toka-toka ko kore-kore kamar marasa lafiya. Wasu editoci, don su tsere wa wannan, sai su ɗaga hasken fuska su zuba mata ja da rawaya har 'yar wasa ta fito kamar ta yi shafe-shafen bilicin. Ni wannan ya fi ba ni haushi, domin a can kuskure ne, a nan kuwa ra'ayi ne game da wace fata ce mai kyau.

Maganin yana farawa tun kafin a zo ɗakin tacewa. Baƙar fata tana da sheƙi, tana mayar da hoton abin da ke gabanta kamar tukunyar da aka goge, saboda haka babban haske mai laushi ya fi yi mata kyau a kan ƙaramar fitila mai zafi. Farin ƙyalle da aka shimfiɗa a rana yana mayar da haske kan fuska, ko inuwar rumfa, ko jiran bayan la'asar, sun fi kowane LUT aiki. Mai kula da sutura ma yana da hannu: shadda mai ruwan madara ko ruwan toka mai haske za ta fito fara a allo, ba tare da ta tilasta wa mai kyamara ya rufe ido har fuska ta nutse ba. Sai kuma ƙarfin kyamarar. Wadda take ɗauka da bit 8 tana da matakai 256 ne kacal a kowane launi. Mai bit 10 tana da 1024. Idan ka ɗauki log da bit 8 ka zo kana ja kana murɗawa, sararin sama zai tsage ya yi layi-layi, inuwar kumatu ta yi dabbare-dabbare. Da yawa daga kyamarorin da ake haya a nan irin na farkon ne, kuma a kansu gara a daidaita hoto tun a lokeshan a taɓa shi kaɗan daga baya.

Sauran kayan adon ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai jan zoben da yake kewaye fitila ko taga a hoton zare, kamar yadda wata yake yin sansani: haske mai ƙarfi ne ya ratsa shimfiɗun duka, ya bugi bayan robar ya dawo, ya fara cin karo da shimfiɗar ja da ke ƙasa. Kodak ta daɗe tana shafa baƙin abu a bayan zare musamman don hana wannan, wato aibi ne da injiniyoyi suka yi shekaru suna yaƙa, yau kuma ake sayensa da dala. Akwai ɗan rawar da hoto yake yi saboda zare ba ya zama daram a cikin inji. Akwai kuma tsakin nan mai motsi, wato ɗigo-ɗigon da ake gani a hoton zare, wanda shi ne kowa ya fi saurin ɗorawa. A kan zare tsakin shi ne hoton kansa, kowane hoto da nasa, kuma ya fi fitowa a zare mai faɗin milimita 16 a kan mai 35. Amma mu tambayi kanmu inda za a kalli aikin. YouTube da Facebook da WhatsApp suna matse bidiyo ta hanyar jefar da abin da bai canza ba daga hoto zuwa hoto, tsaki kuwa kullum canzawa yake. Sai manhajar ta ɓata ƙarfinta a kansa, fuska ta dagule, musamman ga mai kallo da ya rage ingancin hoto don tattalin data. Ƙaramin tsaki yakan taimaka wajen ɓoye layi-layin sararin sama. Wanda ya wuce haka, a wayar dubu hamsin, ƙura ce kawai.

Motsi ma yana cikin lissafi, kuma ba a gyara shi da kala. Silima tana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, kowanne a buɗe na kashi ɗaya cikin 48 na daƙiƙa, abin da yake ba motsi ɗan laushi. Mu da wutar lantarkinmu take bugawa sau 50 a daƙiƙa, hoto 25 da buɗewar kashi ɗaya cikin 50 ya fi zama lafiya, don kada fitilun ɗaki su riƙa ƙyaftawa. Wanda ya ɗauka da 60, ko ya ƙara saurin rufewa don rage hasken rana maimakon ya sa baƙin gilashi a gaban kyamara, ko ya zuba duk rinin duniya aikinsa zai yi kama da ɗaukar biki.

Ko a can inda aka ƙirƙiro abin, ba a daidaita a kan hanya ɗaya ba. Fim na farko na Hollywood da aka gyara kalarsa gaba ɗaya a kwamfuta, O Brother, Where Art Thou? na shekarar 2000, a kan zare aka ɗauke shi, a jihar Mississippi lokacin da ko'ina ya yi kore shar. Mai ɗaukar hoton, Roger Deakins, ya yi amfani da kwamfuta ya mayar da damina kaka, ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Wato da farko kwamfuta aka kira ta yi abin da zare ya kasa. Cikin shekara goma sha uku al'amari ya juye: ARRI ta fito da kyamarar dijital mai suna Alexa a 2010, Kodak, wadda injiniyanta Steve Sasson ne ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, ta shiga kotun fatara a 2012, Fujifilm ta daina yin zaren ɗaukar fim a 2013. Da abin ya yi wuya sai aka fara kewarsa. Steve Yedlin, wanda ya ɗauki fim ɗin Knives Out da dijital, yana kan cewa duk halayen zare lissafi ne da za a iya aunawa a sake ginawa, har ya fitar da gwaji yana jera biyun don a bambance. Masu Dune na 2021 kuwa ba su tsaya ga lissafi ba: sun ɗauka da dijital, suka buga aikin a kan zare mai milimita 35, suka wanke, suka sake kwashe shi zuwa kwamfuta. Ni na fi karkata ga Yedlin, da sharaɗi ɗaya. Shi ya auna zaren gaske da kyamararsa ya gina nasa lissafin, bai sauko da na wani daga intanet ba.

Kayan aikin ba su ne suka gagare mu ba. Blackmagic ta sayi kamfanin da Vinci a 2009, kuma manhajarsa ta DaVinci Resolve, wadda a da sai manyan kamfanoni masu injunan miliyoyi, yau akwai ta kyauta a kwamfutar kowane yaro. Abin da ban gani ba tukuna shi ne wani ya tara mutum biyar ko shida, daga wankan tarwaɗa zuwa baƙi wuluk, ya sa musu shadda da atamfa da rini, ya ɗauke su da hantsi da azahar da kuma cikin hazo a gaban jan bangon ƙasa, ya zauna ya gina jadawalin da ya dace da su. Aikin mako guda ne.

A ɗakin nan na titin Gidan Zoo, abin da aka yi a ƙarshe ƙarami ne. Edita ya cire LUT ɗin, ya fara da fuskar amarya, ya daidaita ta har lallen hannunta da jan bakinta suka fito yadda suke. Ya sassauta saman hasken don aikin wuyan rigar ango ya dawo, iya abin da bai ƙone ba. Ya rage hasken jan mayafin ƙawayen amarya har ya yi nauyi. Sannan ya mayar da LUT ɗin, ya rage ƙarfinsa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Darakta ya ce a tura masa a waya ya gani, domin a can za a kalla. Ya fita baranda inda rana take, ya kare allon da tafin hannunsa, ya kalla sau biyu, ya leƙo ya ce, "Malam, bar shi haka. Saura sin arba'in da uku."